Yadda za a gane majinyacin da ya fi buƙatar kulawar ma'aikatan jinya

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Zariya. Mu kaɗan ne, marasa lafiya kuma sun yi mana yawa. Wasu mukan sallame su sun samu sauƙi, kafin wata ya zagayo an dawo da su ranga-ranga. Ta yaya za mu riƙa tantance waɗanda ciwo ya yi wa yawa, halin rayuwa kuma ya matse su, don mu ba su kulawa ta musamman tun kafin abin ya lalace?

Amsa: Sista, ki fara da cire wa ranki cewa wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ne kullum ya fi buƙatarki. Ɗauki mutum biyu da hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki a mako guda. Na farko yana da manyan 'ya'ya a gida, akwai mai sayen magani, ɗakinsa na kusa da banɗaki, gidan kuma yana Tudun Wada, nan cikin garin Zariya. Ta biyu tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana wani ƙauye can bayan Giwa, jikarta 'yar shekara 12 ce ke ɗebo mata ruwa. A folda cutarsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Amma tsohuwar ce za a dawo da ita da gyambon kwanciya da ciwon huhu, ko kuma ba za a dawo da ita ba ko kaɗan. Don haka tambayar da za ki riƙa yi wa kanki a gaban kowane gado ita ce: idan na sallami wannan yau, me zai same shi cikin mako biyu masu zuwa, kuma wa zai lura?

A ƙasashen waje an yi nisa a wannan aiki. A Amurka an daɗe da sanin cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na jama'a ke cinye kusan rabin kuɗin da ake kashewa a kiwon lafiya, shi ya sa suke bin kwamfuta suna zaƙulo masu yawan zuwa asibiti. A Kanada an fito da ma'aunin LACE a 2010, wanda ke haɗa kwanakin da mutum ya yi a kwance, ko ta gaggawa aka kwantar da shi, yawan cututtukansa, da sau nawa ya je sashen gaggawa cikin wata 6. Makinsa daga 0 zuwa 19 ne, wanda ya kai 10 ana ɗaukarsa mai haɗarin dawowa. Ma'aunin yana da amfani, sai dai a wurinmu yana da makanta babba: masu zuwa kawai yake ƙirgawa. A nan kuwa yawancin mutane daga aljihunsu suke biyan kati da gwaji da magani, wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi kowa ƙarancin zuwa. Mai ciwon suga da aka ba ranar dawowa sau biyu bai zo ba, ba warkewa ya yi ba. A ganina rashin zuwa alama ce mai nauyi daidai da yawan zuwa, kuma duk tsarin da za ku kafa dole ya iya kama ta.

Ɓangaren ciwo ba shi da wuya, yawancinsa yana cikin folda. Ki lura da mai cututtuka biyu ko fiye masu daɗewa a jiki, kamar suga da hawan jini da ciwon ƙoda. Da mai shan magani kala 5 ko fiye kullum. Da wanda aka kwantar sau biyu cikin wata 6, ko aka dawo da shi kafin kwana 30 da sallama. Haka wanda zai tafi gida da wani abu a jikinsa, robar fitsari ce, ko robar ciyarwa ta hanci, ko rauni mai neman wanki kullum, ko allurar insulin. Sai wanda ya rame ba da niyya ba har ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 3 zuwa 6. Idan babu tsohon awo, dubi zobe ko agogo da ya yi sako-sako, da ramin da ke fitowa a gefen goshi.

Abin da folda ba ta cika faɗa ba shi ne abin da mutum ke iya yi wa kansa. Ma'aunin Katz ya lissafa abu shida: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. Kada ki tambaya kai-tsaye, domin dattijo ba zai ce miki ba ya iya tsarki ba. Tambaye shi yadda yake alwala, wa ke ɗauko masa buta, a tsaye yake salla ko a zaune, kuma tun yaushe. Wanda ya ce tun bayan ƙaramar Salla ya koma yi a zaune ya ba ki labarin ƙafafunsa da numfashinsa har da lokacin da abin ya fara. Daga nan ki sa shi ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa. Ki tuna yawancin gidaje masai na tsuguno ne. Mutumin da ya iya zama a kan na asibiti ba lallai ya iya tsugunawa ya miƙe a gida ba, kuma a nan ake yawan faɗuwa cikin dare.

Ga wanda ba ya tashi, ma'aunin Braden ne abokin aikinki. Yana duba jin taɓawa, damshin fata, yawan tashi, iya juyawa a gado, cin abinci, da gogar fata da shimfiɗa. Makinsa daga 6 zuwa 23 ne. 18 zuwa ƙasa akwai haɗarin gyambo, 12 zuwa ƙasa haɗarin ya yi yawa. Ki juya shi ki duba ƙugu ta baya, da dunduniya, da gefen kwankwaso da idonki. A baƙar fata ja ba ya nunawa sosai, don haka ki nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma kada a ba shi komai ta baki sai an zaunar da shi an gwada shi da ƙaramin cokali na ruwa. In ya yi tari, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, haɗiyarsa ba ta da aminci. 'Yan'uwa na ɗura wa irin wannan kunu yana kwance saboda tausayi, kunun ya bi hanyar iska, bayan kwana kaɗan zazzaɓi da haki su biyo baya.

Mai suga, a cire masa takalmi duk zuwa, a duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa. Ko babu kayan gwaji, ki sa ya rufe ido, ki taɓa kan yatsa na farko da na uku da na biyar a kowace ƙafa da ɗan yatsanki a hankali. In bai ji biyu ko fiye daga cikin shidan ba, jijiyoyin sun fara mutuwa, ƙaya ko ƙusa za ta shige shi bai sani ba. Tsoho kuma da ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, yana sambatu ko barcin da ba a saba gani ba, kada ki yarda da cewa tsufa ne ko iska. Auna suga, duba fitsari, saurari ƙirji, duba magungunan da aka ba shi.

Yanzu ga inda aikin yake, wato halin rayuwa. Mutanenmu suna da kunya da kawaici. Ki tambayi mai jin jiki, zai ce da sauƙi. Ki tambaye shi ko yana da matsalar kuɗi, zai ce Alhamdu lillahi. Ba ƙarya yake yi ba, tarbiyya ce. Tambayar da za a amsa da e ko a'a ba ta fito da komai, sai wadda ke neman labari.

A maimakon ki ce yana shan magani, ki ce a kawo miki ledar magungunan gida gaba ɗaya, ki zazzage ta a kan tebur. Dubi ranar da aka saya, ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Maganin wata guda da ya kai wata biyu bai ƙare ba yana nufin ana raba ƙwaya biyu, ko ana sha sai ranar da kai ya yi ciwo. A cikin ledar nan za ki ga abin da ba a faɗa miki ba: maganin ciwon jiki irin diclofenac ko ibuprofen daga kemis a hannun mai ciwon ƙoda ko raunin zuciya, magani ɗaya da suna biyu ana shan duka biyun, ko gorar jiƙo. Kada ki yi faɗa, in kin yi ba za a sake kawo miki ledar ba. Ki tambaya nawa aka sayi na watan jiya, kuma wa ya biya. In amsar ita ce wani ɗan'uwa ne ya taimaka, to na watan gobe ba shi da tabbas.

Abinci ma haka. Ki ce, Baba, jiya me ka ci da safe, me ka ci da rana, da dare fa? Tsohon da ke shan maganin suga na glibenclamide ko yake allurar insulin amma ba ya samun karin kumallo kullum, sugansa zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya yi gumi ya suma. Mai tarin fuka da ke shan magani ciki babu komai, ga tashin zuciya, shi ne ke dainawa a wata na biyu da zarar tarin ya lafa, alhali maganin na wata 6 ne.

Batun mai jinya yana yaudarar ma'aikata ƙwarai. Makon farko ɗaki cike yake da 'yan dubiya, kwanuka har ƙarƙashin gado, sai a rubuta cewa majinyaci yana da dangi masu kula. Ki jira kwana na goma ki ga wa ya rage. Wa ke kwana, wa ke zubar da fo, wa ke wanke zanin gado? Wannan mutum shi ne mai jinya na gaskiya, shi za ki koya wa aiki, kuma shi ma sai kin auna shi. Yarinya ce da aka cire daga makaranta? Tsohuwa ce da ita ma ke fama da gwiwa, ba za ta iya juya namiji kowane awa 2 ba? Mai goyo ce da za ta koma ɗakin mijinta ranar sallama? Sau da yawa wanda ya tsaya ya saurari bayanin sallama ɗa ne da ya zo daga Kaduna ko Abuja ya biya kuɗi, gobe zai koma, wadda za ta yi aikin kuwa tana waje tana haɗa kaya.

Sai ki gano wa ke da ta cewa. Matar da ba ta fita sai da izinin miji, mijin kuma direba ne ko ɗan ci-rani, tana iya kwana uku da ciwo tana jira. A nemi mijin tun suna asibiti, ya ba da izini a gaban kowa cewa in an ga alama kaza a kawo ta ko ba ya nan, ya kuma faɗi wanda zai raka ta. Kuɗin mota a lissafa na mutum biyu, zuwa da dawowa, domin majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai. Daga Soba ko Makarfi zuwa asibitin koyarwa na Shika, kuɗin hanya kaɗai yana hana dawowa. A tambayi ruwa, da wuta, da irin makewayi. Insulin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe, kwalbar da aka buɗe kuma kimanin kwana 28 take yi in ba ta sha zafi ba. Zafin Zariya a Maris da Afrilu yana lalata shi. Gidan da babu firij a koya musu sa kwalbar cikin ƙaramin mazubi mai murfi, a ajiye a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa.

Waɗannan tambayoyi ba a yin su a gaban suruka ko kishiya ko cikin jerin gwano. Ki ja labule, ki rage murya, ko ki ce za ki duba majinyaciyar a ɗaki. A nan ne za ki yi tambayoyi biyu na damuwa: cikin mako biyu da suka wuce, ko ta daina jin daɗin abubuwan da ta saba so, kuma ko tana yawan jin ƙunci da yanke ƙauna. A nan ne kuma mai tabon duka za ta iya magana.

Akwai rukunin da ya kamata ma'aikacin jinya a Zariya ya fi kowa sani, wato masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a nan garin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma kanwa gishiri ce mai sa jiki riƙe ruwa, ba ta dace da mai hawan jini ko raunin zuciya ba. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ƙafa ta kumbura, tana tari cikin dare, ba gajiyar haihuwa ba ce. Wadda ta yi jijjiga ko hawan jini lokacin ciki, da mai haihuwar fari 'yar ƙasa da shekara 18, da wadda ta yi doguwar naƙuda, duk a sa musu ido. Ki kuma tambayi inda za ta yi wanka, domin mai haihuwar fari gidan iyayenta take tafiya, adireshin da ke folda na gidan miji ne.

Yara 'yan wata 6 zuwa 59 a auna damtsensu: ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafa biyu, tamowa ce mai tsanani, 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya. Yaron da uwarsa ta rasu, ko aka yaye shi saboda sabon ciki aka kai wa kaka, yana cikin haɗari ko awonsa bai kai nan ba. Mai sikila da aka yi wa ƙarin jini fiye da sau ɗaya a shekara, ko gidan da ke da masu sikila biyu, su ma haka.

Bayan kin tattara wannan, kada ki wahalar da kanki da lissafi mai tsawo. Kashi uku ya isa. Wanda ke da matsala babba ta ciwo ko ta kasa yi wa kai hidima, sannan ga giɓi ko da ɗaya ne a mai jinya, ko kuɗin magani, ko abinci, ko hanya, shi ne na farko. Mai ɗaya daga ciki kawai shi ne na biyu. Sauran na uku. Idan hankalinki bai kwanta da majinyaci ba alhali takarda ta ce lafiya, ki sa shi a na farko. Idon ma'aikaciyar da ta kwana da shi ya ga abin da takarda ba ta tambaya ba. Ku yi wa foldar alama da launi, amma launin kada ya nuna cuta. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ko tarin fuka zai gudu in ya ga an bambanta katinsa, kuma ba a kiran wayar gida a ambaci cutarsa sai da yardarsa.

'Yan kashin farko a buɗe musu rajista guda, kowane suna da sunan ma'aikaciya ɗaya a gabansa. In an ce kowa ne zai bi shi, babu wanda zai bi. A karɓi lambar waya biyu, a kira su nan take a ji sun shiga, a rubuta ta wane ne, domin sau da yawa wayar ta maƙwabci ce. A rubuta kwatance irin namu: unguwa, masallacin da ke kusa, sunan da aka san maigidan da shi. A kira cikin kwana 2 zuwa 3 da sallama, a gan shi cikin mako guda ko biyu, wanda bai zo ba a neme shi a wannan makon. Inda akwai ma'aikatan lafiya na cikin al'umma ko asibitin matakin farko kusa da gidansa, a ba shi takarda zuwa gare su, a kuma kira su.

Bayanin sallama ba a gama shi da tambayar kin gane, domin amsar to ce kullum. Ki ce, nuna min yadda za ki yi in kun koma. Mai jinyar ta zuƙo insulin a gabanki, ta juya majinyaci ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta rataye jakar fitsari ƙasa da mara ba tare da ta taɓa ƙasa ba. A rubuta ranar da aka sa robar da ranar canji. Wanda ba ya karatun boko a ɗaura masa magani da lokutan salla: na sau biyu asuba da magariba, na sau uku asuba, azahar da lokacin kwanciya, a zana alama a jikin leda ko a rubuta da ajami. A ba su alamun haɗari uku kawai, ba goma ba. Mai raunin zuciya, misali: hakin da ke hana kwanciya, kumburi mai hawa, ko ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 in akwai sikeli.

Abin da ke kashe irin wannan tsari shi ne a yi ta tambayar mutane halinsu ba a da abin ba su. Ma'aikata su gaji, majinyata su ji an tona musu asiri a banza. Tun kafin ku fara, ku rubuta inda za ku tura kowace matsala. Maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne a cibiyoyin da aka ware, ga kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, nan gefen Zariya. Masu yoyon fitsari akwai sashensu a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Masu buƙatar ƙwararru da gashin ƙashi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Jihar Kaduna tana da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko domin marasa ƙarfi. Wani daga cikinku ya je ya san yadda ake rajista da takardun da ake nema. Ku san kwamitin lafiya na gundumarku, da mai unguwa, da limamai da fastocin da ke tara taimako, amma kada a kai musu sunan kowa sai da izininsa. Ku kuma gaya wa likita gaskiyar aljihun majinyaci, domin magani mai araha da ake sha sau ɗaya a rana ya fi mai tsada da ba za a saya ba.

Tantancewar ba ta sau ɗaya ba ce. A yi ta cikin awa 24 da kwantarwa, a sake kafin sallama, a kuma sake duk sanda wani abu ya canja a gidan: mai jinya ta yi aure, mai biyan kuɗi ya rasa aiki, an yi rasuwa. Lokutan shekara ma suna motsa rajistar. Da damina hanyoyin ƙauye sukan yanke, hannun gida yana gona, abinci ya yi ƙasa kafin kaka, don haka a nemi likita ya rubuta wa na nesa maganin da zai kai su wata biyu ko uku in yanayinsu ya daidaita. Da hunturu masu sikila da masu asma ne ke tashi. Masu suga da masu ciwon ƙoda kuma a kira su tun watan Sha'aban, a zauna da likita a gyara lokutan magani, a gaya musu ƙarara alamun da in sun gani dole su karya azumi: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ko suga ƙasa da 70.